Goshin Jirgin Harkaman

A Tindharia, garinmu na kan dutse da jirgin ƙasa ke ratsawa, idan ka ce kana neman gidan Harkaman Thapa, sai an tambaye ka wanne, don su uku ne. Amma ka ce Harkaman Direba, kowa zai nuna maka gida mai koren ƙyaure da ke sama da famfon unguwa. Abin da ya sa sunan ya manne masa kuwa shi ne bai taɓa tuƙa jirgi ba.

Mai dalilin aure ne ya ja masa. Shekara arba'in da shida ke nan, lokacin da aka hau dutse nema masa auren Sunmaya, dattijon da ya shige gaba ya ga iyayenta suna jan ƙafa, sai ya gyara zama ya ce ai yaron direban jirgin ƙasa ne, takarda kawai ake jira. Alhali a lokacin aikin Harkaman bai wuce ya tsuguna a gaban kan jirgi da bokitin yashi ba, yana barbaɗawa a kan dogo da hannu don kada ƙafafun su zame a hawa. Ranar da aka kawo amarya, a jirgi aka kawo ta, tsakanin buhunan citta da wata akuya. Ta leƙa ta taga ta tambayi angon ina wurin zamansa. Shi kuma ƙuruciya na ɗibarsa, ya nuna can gaba inda hayaƙi ke tashi ya ce, "In dai ina numfashi, wata rana ni zan ja jirgin da kike ciki." Duk taragon sun ji, kuma mutanen garinmu ba su iya mantuwa ba.

Da lokacin jarrabawa ya zo, ya ci komai, sai gwajin ido. Likitan reluwe ya buɗe masa wani littafi mai ɗigo-ɗigo ya ce ya faɗi lambar da ya gani. Harkaman ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi dai bai ga lamba ba, wake ya ga an zubar. Ashe ja da kore duk abu ɗaya ne a idonsa, kuma bai taɓa sani ba. Wanda bai bambance jar fitila da koriya ba kuwa, ba a ba shi jirgi da rayukan mutane. Aka tura shi ma'aikatar gyaran jirage. Hular direba da ya riga ya saya ya naɗe ta a takarda ya sa a ƙasan akwati.

Shekara talatin da shida ya yi yana makanikanci, kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Kan jirgi zai shigo yana nishi, Harkaman ya ɗora masa doguwar sukundireba, ya kara kunne a ƙotar, ya ce fistin na hagu ne, a buɗe a ga fistin na hagu ne. Direbobi suna girmama shi a cikin ma'aikata, suna tsokanarsa a wajen mai shayi. Sunmaya ba ta taɓa yi masa gori ba ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa kiransa direba ba, ko da wasa. Baban Sarita take ce masa. Wannan shirun nata ya fi tsokanar garin duka ci masa rai.

Kullum da safe kafin ya fita, sai ta tare shi a bakin ƙofa da farantin tagulla, ta dangwalo tika, wato ɗanyar shinkafa da aka kwaɓa da kindirmo da jan gari, ta manna masa a goshi. Sauran mata sai za a yi tafiya mai nisa ko ranar biki suke yi wa mazansu. Ita ta ce duk wanda ya tsallake dokin ƙofa matafiyi ne. Rana ɗaya tak ta fasa, ranar da take naƙudar Sarita, kuma ran nan ne inji ya guntule masa kan ƙaramin yatsa. Tun daga nan ba wanda ya isa ya yi mata gardama a kan shinkafarta.

Da ya yi ritaya sai ya rufe kansa a rumfar bayan gida da magagari da guduma. Shekara tara yana ƙera kan jirgi mai tururi, na gaske, mai cin kwal da ruwa, sai dai tsawonsa bai fi akwatin amarya ba. Tukunyar tururin da bututun jan ƙarfe ya yi ta. Kowane noti da hannunsa ya yanka. Ya yi tarago ɗaya mai ɗaukar mutum biyu in sun matsu, ya shimfiɗa siririn dogo ya zagaye gidan: daga rumfa, ta gaban akurkin kaji, ta ƙarƙashin kabewa, ya ɗan yi hawa a wajen famfo, ya dawo. Da ya gama ya shafe jirgin kakaf da ragowar koren fentin ƙyaure, har bututun hayaƙi bai bari ba. Ya ce fenti fenti ne.

Sai ga waya daga Siliguri, birnin da ke can ƙasan dutse. Sarita ta ce gwiwoyin mamanta sun gaji da matakalar dutse, ta gyara musu ɗaki a gidanta, hawa na huɗu, kuma ana gama bikin kayan aiki za ta zo da mota ta kwashe su. Hawa na huɗu ba tsakar gida, balle dogo. Bikin Biswakarma kuwa, ranar da kowane mai sana'a ke wanke kayan aikinsa ya rataya musu furanni, saura wata biyu. Harkaman ya sanar da unguwa cewa ran nan zai ja matarsa a jirgi. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, shi ma ya sani.

Gwajin farko, ya turo jirgin bakin rumfa, ya cika masa ruwa, ya shiga ɗaki ya sa kaki, ya ciro hular nan daga ƙasan akwati. Ya daɗe a gaban madubi, don hular ta ƙi zama a kan sanƙo. Da ya fito ya tarar da Sunmaya a baranda tana goge hannu da gefen zani. Ya hura wuta, allurar agogon tururi ta hau, ya zauna a tarago, ya ja hannun tuƙi. Jirgi ya motsa. Ya yi taku uku, ya yi wani tari irin na tsohon mashayin taba, wutar ta yi sanyi, ya tsaya cak a gaban akurki. Wata jar kaza ta yi tsalle ta hau kansa ta fara caccakar bututun hayaƙi.

"Daju!" Murya ce daga gidan ƙasa. "Wa ke tari a gidanku? In kawo citta da zuma?"

Purna Gurung ke nan, tsohon direba na gaske, wanda ya yi shekara talatin yana jan jirgi zuwa Darjeeling. Harkaman ya girme shi da shekara uku, shi ya sa yake ce masa Daju, wato yaya, amma girmamawar a nan ta tsaya. Daga tsakar gidansa ba ya hango komai sai katanga, kunne ne kawai yake kasawa.

"Kaza ce ta shaƙe," in ji Harkaman.

"To a gaishe ta. Ka ce mata ta rage shan kwal."

Harkaman ya mayar da jirgin rumfa, ya ɗora shi a kan katako ƙafafu a sama, ya warware shi. Fistin ya fara zargi. Ya sauya zobban, ya jiƙa kowane ƙarfe a kananzir, ya busa kowane bututu, ya mayar. Ya haɗa masa famfon keke a maimakon tururi, yana bugawa, ƙafafun suka yi ta juyawa sumul kamar keken ɗinki. Ya yi murmushi. Bayan kwana huɗu ya sake sa kaki da hula, ya fito, ya hura wuta. Taku uku, tari, akurki, kaza.

Ya ce to bawul ne ba sa buɗewa a kan lokaci. Ya kwana biyar yana auna su da takardar taba sigari. Ya ce kwal ne ya yi girma, ya zauna ya farfasa shi ƙwaya-ƙwaya daidai gyaɗa. Ya ce ruwan famfo ne mai datti, ya tari ruwan sama a baho ya tace da tsohuwar singileti. Duk lokacin da ya warware jirgin ya wanke, a kan katako lafiya lau yake. Da ya hau dogo sai ciwon ya dawo, kuma abin haushi, kullum ƙaruwa yake. A gwaji na shida taku biyu ya yi. A na takwas ko motsi bai yi ba, ya tsaya yana huci, wani ƙamshi na tashi wanda ya sa Harkaman ya waiga ya tambayi Sunmaya ko ta bar tukunya a wuta.

"Ban ɗora komai ba tukuna," ta ce. Fuskarta duk damuwa. "Baban Sarita, ka bar abin nan haka. Ni na yafe."

"Ni ban yafe ba, tsohuwa."

"To zan ƙara ƙoƙari ta wajena," ta ce, ta shige ciki. Bai tambaye ta wane ƙoƙari ba, don hankalinsa na kan kazar, wadda yanzu ta gayyato ƙawayenta biyu.

Ya rame. Mutumin da ya gano ciwon manyan jirage da kunne, ga shi abin da ya ƙera da hannunsa ya gagare shi. Ya fara tunanin ko dai shi ɗin ba a rubuta masa tuƙi ba, ko babba ko ƙarami. Saura kwana uku biki, ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba. Ya leƙa katanga ya ce, "Purna, hau ka ji wani abu."

Purna ya hau matakala yana haki, da sandarsa da murmushin da ya yi wata biyu yana ajiya. Ya iso daidai lokacin da Harkaman ya fito da kaki. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya buɗe baki zai fara, sai ya tsaya. Ya sunkuya. Ya ɗago ya dubi Harkaman, ya sake sunkuyawa.

"Daju, wa ya yi wa jirginka tika a hanci?"

"Wace tika?"

"Ga ta nan jawur a bakin bututun hayaƙi, cokali guda! Ba ka ga..." Sai ya tuna idon Harkaman bai raba ja da kore.

Harkaman ya kai yatsa ya shafa. Ya ji danshi, ya ji ƙwayoyi. A idonsa kore ne a kan kore. Ya kawo tocila ya haska cikin bututun. A ƙarƙashin bututun hayaƙi akwai wani siririn bututu, ta nan tururin da ya gama aiki ke fita da ƙarfi ya ja wuta sama. A babban jirgi hannu na shiga ramin. A nasa bai fi ƙwayar wake ba. Ga shinkafa da kindirmo sun zauna a kai daram. Da tururi ya taso sai ta dahu ta kumbura ta toshe, jirgi ya rasa ta inda zai yi numfashi. Shi kuma kullum sai ya wanke shaidar a kananzir da hannunsa, yana zagin fistin. A kan katako ba a yi masa tika, don wanda ke kwance ba tafiya zai yi ba. Kuma duk sanda jirgin ya ƙi tafiya, sai Sunmaya, wadda ke manna masa tikar yana ɗaki yana sa hula, ta ƙara yawan shinkafar.

Purna ya yi ta dariya har sanda ta faɗi, ya zauna a kan tarago yana share hawaye. "Shekara tara! Ashe tukunyar dafa shinkafa ka ƙera! Daju, da ka faɗa ai da na zo da miya."

"Rage murya, don girman iyayenka."

Amma an makara. Sunmaya na tsaye a baranda da kofunan shayi biyu. Ta dubi jan da ke yatsan mijinta, ta dubi tocilar, ta ajiye kofunan a kan dakali a hankali.

"Ni ce?" ta ce.

"A'a, bawul ne..."

"Baban Sarita, shekara arba'in da shida ban taɓa jin ka iya ƙarya ba, kada ka fara yau." Ta juya ta shiga ciki. Ran nan ba a ji motsinta ba sai na tukwane.

Dariyar Purna ta ɗauke. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ka toshe bakin bututun da tsumma in za ka shiga sa hula, shi ke nan."

Harkaman ya kashe tocilar, ya dubi ƙofar da matarsa ta shiga. Tsumma zai gyara jirgi, amma ba jirgin ne ya fi damunsa yanzu ba. Matar nan abu ɗaya ta riƙe a duniya, cewa shinkafarta ce ke dawo mata da shi gida da yatsu tara da rabi. Yanzu an nuna mata ita ce ta hana shi abin da ya fi so. Washegari da zai je kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ba ta fito da faranti ba. Ya fita da goshi a bushe, ya ji kamar ya manta wando. Da ya dawo ya shige rumfa, aka yi ta jin ƙarar magagari har aka kira shi cin abinci.

Ranar biki aka tashi da yayyafi. Unguwa ta cika tsakar gidan, tsofaffin ma'aikatan reluwe sun jeru a jikin katanga da lemarsu, Sarita ta iso da mota ta tsaya a kan titi. An rataya wa guduma da magagari furanni. An kulle kaji. Harkaman ya fito da kaki da hula, Sunmaya ta fito da sabon zani, hannu wayam.

"Ina farantin?" ya ce.

"Ka tuƙa abinka lafiya. Ni ba na ƙara taɓa shi."

"To sai a watse, don ba inda za mu. Ni ban taɓa fita aiki ba tika na dawo cikakke ba, kin fi kowa sani." Ya ɗaga guntun yatsan. "Kuma laifina ne. Na yi masa hanci, na yi masa ciki, na yi masa ƙafafu, na manta ban yi masa goshi ba. Ina kike so ki sa? Zo ki gani."

Ya yaye tsumman da ke gaban jirgin. Ga wani ɗan faifan tagulla zagayayye ya ɗaure da noti huɗu, can ƙasa da bututun hayaƙi, yana ƙyalli, har da ɗan leɓe a ƙasa don tare abin da zai zubo. Sunmaya ta sunkuya ta dube shi da kyau.

"Wannan ai murfin gwangwanin sukarina ne."

"Goshi ne yanzu."

"Kwana biyu ina nemansa, tururuwa sun gama da sukarin." Ta miƙe, ta goge ido da gefen zani, ta shiga ciki. Da ta fito da faranti ta fito. Ta manna wa jirgin tika a sabon goshinsa, ta manna wa mijinta tasa, wadda ta fi ta kullum girma.

Aka hura wuta, allura ta hau. Mata biyu suka taimaka mata ta zauna a bayan tarago, gwiwoyinta kusan a haɓa, ta riƙe kakinsa ta baya. Harkaman ya ja usur, ya ja hannun tuƙi. Jirgi ya ce caf, ya ce caf, caf, hayaƙi ya miƙe sama. Taku uku, taku huɗu. Suka wuce akurki. Tsofaffin nan suka ɗauki ihu. Suka shige ƙarƙashin kabewa, ganye ya kusa tafiya da hular. Sai hawan famfo. Dogo ya jiƙe da yayyafi, kuma Sunmaya, a faɗi gaskiya, ba amaryar da aka kawo tsakanin buhunan citta ba ce. Ƙafafun jirgin suka fara juyawa a wuri ɗaya, yana ta caf-caf ba ya gaba.

Harkaman ya leƙa ƙafafun. Ya rage tururi, ya ƙara, ba labari.

"Ku matsa!" Purna ne ya jefar da sanda da lema. Ya kwashi yashi cikin hularsa daga tulin da ke bakin famfo, ya sha gaban jirgin, ya duƙa yana ja da baya yana barbaɗawa a kan dogo, dama da hagu. "Bhauju, matar yaya, me kike ci ne haka? Daju, a hankali, kada ka buɗe duka! Yauwa! Kada ka take ni, ina da jikoki!"

Ƙafafu suka kama. Jirgi ya hau, ya hau, ya tsallake famfo, direban shekara talatin na gabansa a duƙe da hular yashi. Daga nan gangara ce har rumfa. Harkaman ya ja birki daidai inda suka tashi. Ana ta tafi, Sarita na kuka tana ɗaukar hoto. Shi kuwa ya kasa waigawa, don hawaye sun haɗu da kindirmo suna gangaro masa ta gefen hanci, kuma ba ya so a gani.

Matan suka matso za su sauke ta. Sunmaya ta kaɗa musu hannu. Ta ƙara damƙe kakin, ta ɗan zungure shi a baya, ta ɗaga murya yadda har na jikin katanga za su ji.

"Direba," ta ce, "ni ba nan ce tashata ba. Mu ƙara zagaye."